Layar Hamman a Wuyan Tamu

A iya sanina, Tamu bai taɓa cin gardama ba sai sau ɗaya, shi ma sai da furfura ta gama cinye masa kai. Kafin nan har kaza ta kayar da shi, kuma a gaban mai gari.

Ga yadda aka yi. Da ya dawo daga yaƙin Jamus ya zo da hular kwano, irin ta ƙarfen nan da sojan Faransa ke kifawa a ka. Ya rataye ta a turakarsa, duk jajibirin salla sai ya sauke ta ya goge da toka. Wata rana kaskon da kazar matarsa Ƙande ke kwanci a ciki ya fashe. Ƙande ta duba nan, ta duba can, ta sauke hular, ta zuba ƙaiƙayi, ta jera ƙwai. Tamu ya dawo daga gona ya tarar da kaza ta baje a ciki tana hararar sa. Ya ce wannan hula ita ta tsare kansa daga harsashin Jamus. Ƙande ta ce ai ta gama wancan aikin, kuma kan da ta tsare ɗin ba a ga abin da ya tsinana ba tun da ya dawo. Magana ta kai gaban mai gari. Mai gari ya saurari kowa, ya shafa gemu, ya ce hula dai ta Tamu ce, babu mai ja, amma ba a tayar da mai kwanci, a bari ta ƙyanƙyashe. Tamu ya ce to, ya kakkaɓe riga ya tashi. Da ta ƙyanƙyashe wata ta hau. Har yau hular nan ba ta sami hutu ba.

Ina da bakin faɗin wannan, don Tamu taubashina ne. Uwarsa ƙanwar ubana ce, ke nan bawana ne tun ranar da aka yanke masa cibiya, kuma ban taɓa tunanin 'yanta shi ba. Gajere ne, kunnuwansa kamar faifai, manomin gero da gyaɗa a wani ƙauye na ƙasar Guci, yana da jaki da amalanke. Halinsa ɗaya: in magana ta yi zafi sai ya ce to, ya bar maka filin. Mutane suna cewa haƙuri ne. Ni na ce rashin baki ne, don duk bakin da aka raba wa zuriyarmu ni na kwashe.

Amma akwai wata gardama da ya faɗi wadda ban taɓa yi masa dariya a kanta ba.

Shekarar da nasara ya ce kowane sarki ya kawo samari, an ɗauki Tamu tare da Hamman, ɗan Fulanin rugar da ke bayan garinmu. Iyayensu maza suna da tsohuwar amana. In an yi girbi, shanun uban Hamman su sauka a gonar uban Tamu, su ci kara, su bar taki, a ba su damin gero, nono kuma ba ya yankewa a gidan. Kafin su tafi, uwar Hamman, Inna Nafi, ta ba wani malami karsana ya rubuta wa ɗanta maganin ƙarfe. Baduku ya ɗinke shi cikin jar fata, ya yi masa baki da koren zare. Ita da hannunta ta rataya masa.

Ana nan sai ɗan aiken kumandan, nasaran da ke mulkin ƙasarmu, ya zo ruga ya ce Hamman ya mutu a yaƙi. Iyakar abin da ya faɗa ke nan, don iyakar abin da aka faɗa masa ke nan. Bayan wasu shekaru Tamu ya dawo, ƙashi da fata. Ko ruwan gidan uwarsa bai tsaya sha ba, ya wuce ruga. Inna Nafi tana wanke ƙore. Ta ɗaga kai za ta amsa sallama, idonta ya faɗa a kan jar fata da koren zare a wuyan rigarsa. Ba ta yi kuka ba, kun san Fulani da kunya. Ta kife ƙwaryar da ke hannunta, ta shige bukka.

Mazan ruga suka taru, kuma abin da suka gani ba ya bukatar malami. Ɗansu ya tafi da layar da ƙarfe ba ya ci. Ga shi ya mutu a yaƙi, ga Tamu da rai, ga laya a wuyan Tamu. Tamu ya ce aike ne, Hamman ne ya cire ta ya ce a kai wa uwarsa. Suka ce in aike ne me ya kai ta wuya, ba hannu ba, ba jaka ba? Ya ce ba a haɗa sunan Allah da takalmi a buhu ɗaya, kuma a hanya nasara yana kwashe kayansu ya turara saboda ƙwarƙwata, abin da ke wuyan mutum kaɗai ke tsira. Ta daɗe a jikinsa har ya manta tana nan, shi ya sa bai cire ba kafin ya yi sallama. Suka ce wa ya shaida? Ya ce wani dogo ne da suke kira Dogo, mutumin ƙasar Damagaram, amma bai san sunansa na yanka ba, bai san garinsu ba, kuma an raba su ranar da aka sake su. Mamuda, ƙanen Hamman, lokacin gemu bai fito masa ba, ya ce shaidar da ba shi da suna ba shi da gari, aljani ne. Tamu ya miƙa layar, ba wanda ya miƙo hannu. Ya ce to.

Daga ranar shanun gidan ba su sake taka gonarsa ba. In ya yi sallama a rijiya sai a duƙufa ga guga. Matan rugar suna tsallake ƙofarsa da nono su shiga ta maƙwabci. Gona ta gaji, geronsa ya koma kamar gashin kan tsoho, nan ɗaya can ɗaya. Inna Nafi ta rasu ba ta sake kallon fuskarsa ba. Layar kuwa ya naɗe ta cikin farin ƙyalle ya soke a rufin ɗaki, inda hannun Ƙande ba ya kai, kaza ma ba ta kai.

Haka aka yi ta tafiya shekara talatin da wani abu. Bayan babban farin nan da ya kashe dabbobi, bayan sojoji sun karɓi mulki, sai aka tuna a Yamai cewa ashe akwai waɗansu sojoji tun kafin waɗannan. Masu tara tarihi suka ba wani malamin lakwal, wato makarantar boko, na Magarya, Mushe Ahmadu, don Mushe ake ce wa malamin boko a wajenmu, akwatin ɗaukar magana, suka ce in an yi hutun damina ya bi ƙauyuka ya kwaso labarin tsofaffin sojoji kafin ƙasa ta riga shi. Ya iso garinmu yana tura mobilet, 'yar babur ɗinsa, don rairayi ya ƙi ta. An gama maimai, gero yana jiran Allah, Tamu ba shi da aikin yi sai gardama da Ƙande. Aka ɗora akwati a amalankensa, aka lulluɓe da fatar akuya saboda ruwa.

Farkon aikin abin tausayi ne. Mushe yana da ladabi, zai gaida tsoho har ƙasa, ya ajiye akwati, ya yi tambaya. Tsoho sai ya miƙe tsaye ƙiƙam, ya sara wa akwati, ya faɗi lambarsa da sunan kaftin ɗinsa, ya ce Faransa ta kyauta, ya zauna. Na Guci haka ya yi, na gaba da shi ma haka. Mushe ya ce da Tamu shi fa ƙaiƙayi yake tarawa, tsaba ta ƙi fita.

Rannan ya juya kaset don ya ji ko murya ta kamu. Tsohon da aka ɗauka yana cikin cewa daga gari kaza suka shiga jirgin ruwa, sai Tamu, yana gyara wa jaki linzami, ya ce a ƙasan maƙoshi ba daga nan ba ne. Tsoho ya ji. Ya ce wa ya ce? Ai kuwa ya buɗe baki, ya kawo sunan tashar, ya kawo warin jirgin, da yadda suka yi ta amai har wani Bazabarme ya roƙi a jefa shi ruwa ya huta. Tamu ya ce to tun da wuri, amma tsoho bai tsaya ba sai la'asar. Mushe kuwa tuni ya danna abin dannawa.

Daga nan suka gane kan aikin. Tsohon soja ba ya ba da labari in an tambaye shi, amma ba ya iya barin na wani ya wuce ba gyara. In sun isa wurin mutum, ba tambaya, sai su kunna masa maganar na baya. Kafin a yi nisa ya ce ƙarya ne, ya zuba nasa. In ya gama ya ce su je wurin wane a Kwaya, shi ne ya san ranar da aka fasa gada, amma kada su yarda da abin da zai faɗa a kan alfadarai. Na Kwaya ya tura su gaba. Har ya zama ranar kasuwa tsofaffi suna aiko da gyara ta bakin fatake. Aiki ya tashi daga na Mushe ya zama na kowa, kowa yana tsaron bakin ɗan'uwansa.

Tamu ma an ɗauki nasa. Ya faɗi jirgi, ya faɗi sanyi, ya faɗi yadda Jamus suka kama su suka tsare a wani sansani cikin ƙasar Faransa, suna haƙar dankali. Ya ce a cikinsu akwai wani Bafillace da yake zuwa bakin waya yana yi wa wata baƙar saniyar manomi magana da Fillanci, har ta saba, in ta hango shi sai ta taho. Mushe ya jira, ya ga babu ci gaba, ya kashe akwati. Ni kuwa, da yake ba a ajiye magana a cikina ta kwana, na ja Mushe gefe na zayyana masa komai. Daga ranar kuwa, duk gidan da suka shiga, sai ya san yadda ya yi ya kunna wannan wuri na saniya.

Da za su Sassumbrum na ce da ni za a tafi, ina da 'ya tana aure can, kuma ban ga amfanin bawa mai amalanke ba in uwargijiyarsa za ta taka da ƙafa. Tamu ya ce jakinsa ba ya ɗaukar dutsen niƙa. Na hau.

A can aka nuna mana gidan wani Zakari. Bayan yaƙin Jamus bai dawo gida ba, ya sake sa hannu aka kai shi wani yaƙin Faransa a ƙasar Andoshin, daga baya ya yi zaman tireda a tsallaken iyaka, sai da tsufa ya kama shi ya komo garinsu. Muka same shi a zaure, dogo har ya tanƙware, ido ɗaya ya yi fari. Tamu ya tafi rijiya shayar da jaki. Mushe ya kunna akwati. Zakari yana ji yana gyangyaɗi, har aka zo wurin saniya. Sai ya buɗe ido mai kyaun.

"Ba baƙa ba ce," in ji shi. "Ja ce, mai farin goshi. Wannan mai maganar Kunne ne, tun can bai iya ba da labari ba. Yana raye?"

Mushe ya ce yana bakin rijiya.

Na zaci za a yi ihu a rungumi juna. Ina. Tamu ya shigo da igiya a hannu, suka tsaya suna duban juna kamar masu cinikin rago. Zakari ya ce har yanzu bai girma ya cim ma kunnuwansa ba. Tamu ya nemi tabarma bai gani ba, ya zauna a ƙasa.

"Ka kai saƙon?" in ji Zakari.

"Na kai, Dogo. Ba a karɓa ba."

A ranar Zakari ya faɗa wa akwati komai, muka juyo gida da shi kamar mun ɗauko zinariya. Mushe har waƙa yake a hanya. Muka wuce ruga kai tsaye. Mamuda yanzu shi ne babban gidan, gemu fari fat, fari ya bar masa shanun da ba su cika turke biyu ba. Ya tsaya dogare da sanda ya saurara har ƙarshe, bai katse ba. Da aka gama ya ce ya ji, kuma ya gode wa Mushe da wahala. Amma akwati abin da aka zuba masa yake amayarwa. Ba ya alwala, ba ya dafa Alƙur'ani, ba ya duban mutum ido cikin ido. Mushe ya buɗe baki zai yi bayani, Tamu ya dafa shi ya ce to.

Raina ya ɓaci. Na bi shi har gida ina zagi, na ce ko hular kwanonsa ta fi shi zuciya, ita aƙalla tana fitar da 'yan tsaki. Washegari Ƙande ta ce mini tun asuba ya ɗaura wa jaki amalanke ya koma Sassumbrum. Duk wannan nisa, cikin ruwa da taɓo, shi kaɗai. Ya dawo da Zakari kwance a kan tabarma, an yi masa rumfa da zane kamar amarya, yana ta mitar cewa ko Jamus ba su jijjiga shi haka ba.

Da hantsi aka taru ƙarƙashin tsamiyar da ke tsakanin gari da ruga. Liman ya zo da Alƙur'ani, Zakari ya yi alwala ya dafa. Mushe ya ajiye akwatinsa can gefe, ya nemi izinin Mamuda kafin ya kunna, Mamuda ya ɗaga masa kai.

Zakari ya ce harsashi bai taɓa Hamman ba, ko ƙwarzane. Tari ne ya kama shi a sansanin, cikin sanyin da ruwa ke daskarewa a kwano. Da ya ji jikinsa ya saki, ya kira su su biyu, ya cire layar da hannunsa. Ya ce an yi ta ne don ƙarfe, ba don sanyi ba, kuma ta yi aikinta. A kai wa Inna, a gaya mata karsanarta ba ta tafi a banza ba. Ya ba Tamu don shi ne maƙwabci. Zakari ya ce shi da kansa ya ɗaura masa ita a wuya.

Mamuda bai tambayi laya ba. Ya ce, a hankali, an yi masa wanka? Zakari ya ce sun ɗumama ruwa a kwanon cin abincinsu suka wanke shi, yana tuna tabon sharo a haƙarƙarinsa na hagu. Suka roƙi mai gadi ya bar su, suka yi masa salla, wani Babambare mai karatu ya ja su, suka kwantar da shi yana duban gabas. Ya ce jar saniyar nan ta yi kwanaki tana zuwa bakin waya.

Mamuda ya ja rawani ya rufe baki. Ya juya yana duban 'yan shanunsa, ya daɗe. Da ya juyo ya ce Inna ta tafi da wannan abu a ranta, wannan kam ba mai gyara shi sai Allah. Ya matso ya miƙa wa Tamu hannu biyu, ya nemi gafara a gaban kowa, ya ce in an yi girbi abin da ya rage masa na shanu a gonar Tamu za su kwana. Kuma sun kwana, ni shaida ce, don na taka kashinsu da takalmina na salla. Ƙande tana share ido da bakin zane tana cewa hayaƙi ne, alhali ba wanda ya hura wuta.

Saura laya. Tamu ya zaro farin ƙyalle daga aljihu, ya warware, ya miƙa. Mamuda ya ja da baya. Ya ce a'a, ya riƙe, ai ta fi daɗewa a wurinsa a kan yadda ta daɗe a wurin mai ita. Tamu ya sake miƙawa. Mamuda ya ce hannun da ya ƙi ta wancan karon ba shi da fuskar karɓarta yanzu. Liman ya sa baki ya ce da Tamu kyauta ce, a karɓa. Zakari ya ce shi dai a yi a gama, bayansa na ciwo. Mamuda ya haɗa da Allah da Annabi, ya kawo amanar iyaye, ya kawo kunya, ya kawo zumunci. Na ga Tamu ya sunkuyar da kai, hannunsa ya nufi gefen riga, na ce shi ke nan, ga to ɗin nan tafe.

Sai ya kama hannun Mamuda, ya buɗe tafin, ya ɗora layar, ya naɗe masa yatsu a kanta.

"Mamuda, yayanka aike ya yi mini, ba gado ya bar mini ba. Tun ina saurayi nake kan hanya. Karɓi saƙonka, ka bar ɗan aike ya zauna."